Daga Tumɓukewa Zuwa Ƙirgawa: Tarihin Masu Sa Ido Kan Furannin Daji a Birtaniya

A shekarar 1917 masana tsirrai a Birtaniya suka yanke cewa furen da ake kira takalmin uwargida, wanda a kimiyyance sunansa Cypripedium calceolus, ya ƙare ƙarƙaf a ƙasar. Fure ne daga dangin okid, mai kumburarren leɓe rawaya da fukafukai ja masu duhu, kyakkyawa ƙwarai, kuma kyawun nasa ne ya ja masa. Bayan shekara 13, a 1930, wasu 'yan'uwa biyu mazauna yankin, waɗanda nazarin tsirrai ba sana'arsu ba ce, suka ci karo da tushe ɗaya tak a wani gangare cikin kwarurrukan Yorkshire. Wannan tushe guda shi ne ya riƙe sunan furen a dajin Ingila har tsawon shekaru da dama. Ana yawan ba da labarinsa a matsayin nasarar ɗakin gwaje-gwaje, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma wanda ya bi tarihin tsirran Birtaniya masu wuyar samu daga tushe zai tarar da wani abu da ya riga ɗakin gwaji da doka da shinge zuwa, wato al'adar mutanen gari, waɗanda ba a biyan su ko sisi, ta komawa wuri guda shekara bayan shekara su duba, su ƙirga, su rubuta abin da suka gani har da abin da suka nema suka rasa. Wannan komawar ce jarin da duk sauran aikin kare tsirrai ya ci daga gare shi, kuma ita ce aka fi raina wa.

Al'adar ta tsufa. Tun a 1660 John Ray ya wallafa jerin tsirran da ke kewayen Cambridge, inda ya bi gonaki da fadamu da ƙafa yana rubuta abin da ke tsiro a ina. Bayansa limaman coci na karkara da likitoci da masu shagon magani suka ɗauki aikin, kowa da gundumarsa. Kada a ɗauka sha'awa ce ta masu hannu da shuni kaɗai. A ƙarshen ƙarni na 18 da cikin na 19, masaƙa da leburorin masana'antu a Lancashire sukan taru ranar Lahadi a gidajen shaƙatawa na unguwa, kowa ya zo da abin da ya tsinko a mako, a baza a kan tebur, wanda ya fi sani ya ɗaga tsiro ya faɗi sunansa na Latin, sauran su maimaita har ya zauna musu. Suna tara kuɗi su sayi littafi guda su riƙa karɓa-karɓa. Daga cikinsu Richard Buxton ya fito, baduku mai ɗinkin takalma wanda sai da ya kai samartaka ya koya wa kansa karatu, amma a 1849 ya wallafa jagorar tsirran kewayen Manchester.

Sai dai dole a faɗi ɓangaren da ba daɗi, domin waɗannan masoya tsirrai su ne farkon maɓarnatansu. A wancan zamani shaidar cewa mutum ya ga tsiro ita ce ya tumɓuko shi, ya danne shi tsakanin takardu ya bushe, ya manna a kundinsa. Ƙungiyar masu tsirrai da aka kafa a Landan a 1836 ta rikiɗe daga baya ta zama kulob na musayar samfuri, inda kowane mamba zai aiko da damin busassun tsirrai a raba wa sauran, kuma gwargwadon wuyar samun abin da ka kawo gwargwadon darajarka. Tsarin da kansa yana ba da lada ga wanda ya fi kwashe abin da ya fi ƙaranci. Daga wajajen 1840 kuma sai zazzaɓin son tsiron fan ya kama ƙasar, tsiron nan marar fure mai ganye kamar gashin tsuntsu da ke son inuwa da laima. Jirgin ƙasa ya buɗe hanyar tsaunuka, dillalai suka shiga tonowa suna sayar wa 'yan yawon buɗe ido, har aka kusa share wasu nau'o'in daga tsaunukan Moffat a Sikotilan da kwarurrukan Killarney a Ailan. Takalmin uwargida ma haka ya sha. Rubutun farko da ya ambace shi a Ingila, na John Parkinson a 1629, ya riga ya ba da labarin wata mata da ke tono saiwarsa tana aikawa Landan a dasa a lambu, kuma haka aka ci gaba kusan shekara 300 har aka wayi gari babu.

To, ta yaya zuriyar masu tumɓukewa ta koma masu gadi? Wa'azi ya taimaka, amma abin da ya fi juya al'amarin shi ne sauyin tambayar da ake yi. Hewett Cottrell Watson, mutum mai zafin rai wanda ya zauna da dukiyarsa yana nazarin yadda tsirrai suka bazu, bai damu da yawan abin da ke cikin kundin kowa ba. Abin da yake so ya sani shi ne ina tsiro yake, ina kuma ya tsaya. A 1852 ya yanka Birtaniya gida 112 masu kusan girma ɗaya, domin gundumomin mulki wasu manya ne ainun wasu ƙanana, ya shiga tattara rahoton kowane tsiro gida-gida daga masu aiko masa da wasiƙu. Charles Darwin da kansa ya amfana da lissafin Watson, ya kuma yaba masa. Har yau da waɗannan gidaje 112 ake aiki, tare da 40 da Robert Lloyd Praeger ya tsara wa Ailan a 1901, kuma kowane gida yana da mai riƙe da rajistarsa, ɗan sa-kai. Da zarar darajar mutum ta koma kan rahoton da ya kawo, tsiron da aka bari a raye ya fi amfani gare shi a kan wanda aka busar, domin zai iya komawa baɗi ya sake ba da rahotonsa. Son abin bai ragu ba, hanyar nuna shi ce ta sauya.

Sauyin ya kammala a 1954, lokacin da ƙungiyar nan ta 1836, wadda yanzu ake sani da BSBI, ta fara aikin zana taswirar kowane tsiron daji a Birtaniya da Ailan ƙarƙashin Max Walters da Franklyn Perring. An raba ƙasa murabba'i-murabba'i, kowane kilomita 10 tsawo da faɗi, kimanin 3,500. Mai aikin sa-kai zai ɗauki kati da aka buga gajerun sunayen tsirrai a kai da ƙananan haruffa, ya shiga murabba'insa, ya bi gefen hanya da bakin rafi da bayan coci, duk wanda ya gani ya ja masa layi. Mutum kimanin 1,500 suka tara rahoto wajen miliyan ɗaya da rabi, aka huda su a katunan inji, injin ya buga ɗigo-ɗigo a kan taswira, littafin ya fito a 1962. Wata 'yar dabara a cikinsa ce ta girgiza mutane. Ga tsirrai masu wuyar samu, inda aka gan su daga 1930 zuwa sama an sa baƙin ɗigo, inda kuma tsoffin littattafai suka ce akwai amma ba a sake gani ba an sa da'ira marar ciko. Sai ga shafuka cike da fararen da'irori, baƙaƙen ɗigo 'yan ƙalilan. Kafin nan kowane dattijo yana iya cewa furen kaza ya yi ƙaranci a garinsu, a ce masa tsufa ne da begen da. Yanzu kuwa asarar ta fito a takarda, ƙasa baki ɗaya, kuma da rubutun masu tumɓukewar nan na da aka auna ta.

Daga wannan taswira sauran abubuwa suka biyo baya. A 1964 aka kafa cibiyar adana rahotannin halittu a Monks Wood. A 1975 majalisa ta yi dokar da ta hana tumɓuke kowane tsiron daji ba da izinin mai ƙasa ba, ta kuma ba nau'i 21 cikakkiyar kariya, ciki har da takalmin uwargida, sannan dokar 1981 ta faɗaɗa jerin. A 1977 Perring da Lynne Farrell suka fitar da jan kundin farko na tsirran da ke cikin haɗari, kuma ma'aunin shiga cikinsa shi ne a samu tsiro a murabba'i 15 ko ƙasa da haka. Ma'ana, gwamnati ba ta da wata hanyar sanin abin da za ta kare in ba katunan masu sa-kai ba. Shi kuwa tushen nan guda na Yorkshire, an kafa masa kwamiti na musamman, aka ɓoye wurinsa, masu gadi suka riƙa yada zango kusa da shi duk lokacin furensa, ana yi masa barbara da hannu. Irinsa ƙura ce zalla, ba ya tsira a daji sai da taimakon wani naman gwari na cikin ƙasa, kuma sai da lambun binciken tsirrai na Kew ya fara shiri na musamman a 1983 aka gano yadda za a tsirar da shi a kwalba. An dasa 'ya'yan a wurare da dama a arewacin Ingila, kuma a 2024 aka ga sabon tsiro da ya fito da kansa daga iri a ɗaya daga cikinsu. Aikin Kew abin yabo ne, amma da ba a yi shekara 53 ana tsaron uwar ba kafin su fara, da ba su sami irin da za su gwada ba.

Taswira dai tana cewa akwai ko babu ne kawai. Ba ta faɗin ko tushe dubu ne ko uku, ba ta faɗin dalilin raguwa. Wannan sai ƙirga ta kusa, kuma a nan ne aka koyi darasin da ya fi kowane tsada. A ƙauyen Badgeworth na Gloucestershire akwai wani ɗan fure rawaya, Ranunculus ophioglossifolius, da ke fitowa a bakin wani kududdufi. A farkon shekarun 1930 wani mai kishinsa ya sayi wurin, fili ɗan mitsitsi da bai kai murabba'in mita 300 ba, wanda ya yi suna a matsayin ɗaya daga cikin ƙananan gandun kariya a duniya. Aka kewaye shi da shinge don kada shanu su tattake furen, abin da kowane mai hankali zai yi. Sai furen ya shiga raguwa. Masu zuwa duba shi kowace shekara ne suka gane cewa tsiron shekara guda yake yi, kuma irinsa ba ya tsira sai a kan taɓo tsirara, taɓon da kofaton shanu ne ke buɗe shi sa'ad da suka zo shan ruwa. Da aka hana shanu, dogayen ciyayi suka rufe ƙasa. Maganin shi ne a dawo da tattakawar, a yanke ciyawa, a tona taɓo da gangan. Masani mafi ƙwarewa da zai kai ziyara sau ɗaya ba zai ga wannan ba, domin abin da ake nema ba ya cikin kowace rana guda, yana cikin bambancin bana da bara da shekaru goma da suka wuce. Makiyayi da ke kwana da garkensa yakan san wadda ta fara rama tun kafin baƙo ya lura akwai ciwo, kuma sanin nasa daga yawan gani ne.

Teesdale ta sama, a arewacin Ingila, ta nuna abin a babban sikeli. Tsaunukanta suna ɗauke da tarin tsirrai da suka saura tun bayan janyewar ƙanƙarar zamanin da, ciki har da wani ɗan fure mai shuɗi ƙwarai, Gentiana verna, wanda a duk Birtaniya sai a wannan yanki ake samunsa. A tsakiyar shekarun 1960 aka nemi gina madatsar ruwa ta Cow Green domin masana'antun bakin kogin Tees. Masu tsirrai suka yi gwagwarmaya har gaban majalisa, suka sha kaye, aka gama madatsar a 1971, ruwa ya cinye wani sashe na wurin. Amma a shekarun da ake gina madatsar Dakta Margaret Bradshaw ta tara masu aikin sa-kai, ta koya musu, suka duƙa a kan tudun Widdybank cikin iska da sanyi suna sa alama suna ƙirga tsiro ɗaya-ɗaya. A lokacin ana iya cewa wahalar banza ce, tunda an riga an rasa shari'ar. Kusan shekara 50 bayan haka, da aka sake auna wuraren nan, aka ga tsirran sun ja baya da fiye da rabi a matsakaici, kuma a cikin gandun da doka ke karewa. Cikin dalilan har da rage yawan tumaki da aka yi da kyakkyawar niyya, wanda ya bar ciyawa ta yi tsawo ta shanye ƙananan furanni. Da babu waccan tsohuwar ƙirga, da kowa zai hau tudun a watan Mayu ya ga shuɗin fure nan da can ya sauko yana cewa lafiya lau.

Akwai masu cewa rahoton wanda ba masani ba abin shakka ne: yana iya rikita tsiro da ɗan'uwansa, kuma yakan tafi inda ya san akwai abin sha'awa ya bar gonakin da ba komai. Zargin farko an daɗe da yi masa magani. Rahoto ba ya shiga rumbu sai ya bi ta hannun mai rajistar gida, kuma dangogin tsirrai masu rikitarwa suna da alƙalai da ake aika wa samfuri ko hoto su tantance. Ban da haka, kalmar ɗan sa-kai tana nufin ba a biyan mutum, ba ta nufin bai iya ba. J. E. Lousley, wanda a 1947 ya sake gano wani okid, Orchis militaris, da aka ɗauka ya ƙare a ƙasar, ma'aikacin banki ne, kuma manyan jami'o'i suna komawa ga littattafansa. Zargi na biyu gaskiya ne, shi ya sa shirin sa ido na ƙasa da aka fara a 2015 ba ya barin mutum ya zaɓi inda ransa ke so: an riga an fitar da murabba'ai na kilomita ɗaya ta hanyar ƙuri'a, a cikinsu zai ɗauka, ya kafa ƙananan filaye, ya riƙa komawa kansu sau biyu a shekara ko da babu abin burgewa. Sannan akwai aikin da albashi ba zai iya saya ba. Okid ɗin da ake wa laƙabi da fatalwa, Epipogium aphyllum, ba shi da koren ganye, yana iya shafe shekaru a ƙarƙashin ƙasa, in ya fito kuma kwanaki kaɗan yake yi cikin duhun kurmi. An ayyana ya ƙare a 2005, wani mai sha'awa ya gan shi a Herefordshire a 2009, aka sake rasa shi sai 2024 da wani likitan haƙori ya same shi bayan shekaru masu yawa yana nema. Babu ma'aikatar da za ta ware kasafi don irin wannan jira.

Ƙorafin da ya fi nauyi daban ne, kuma bai kamata a kauce masa ba. A 2023 BSBI ta fitar da sabuwar taswira, aikin shekara 20 na dubban masu sa-kai da rahoto miliyoyi. Sakamakon ya nuna kashi 53 cikin 100 na tsirran asalin ƙasar sun ragu tun daga shekarun 1950, kuma nau'o'in da aka shigo da su, 1,753, sun zarce na asali, 1,692. Mai ƙorafi zai ce: shekara 70 kuna ƙirga, abin yana ta tafiya, ashe rajistar mutuwa kawai kuke rubutawa. Gaskiya ne ƙirga ba ta hana garma, ba ta hana takin zamani da maganin ciyawa da yashe fadamu, waɗanda su ne suka cinye kusan kashi 97 cikin 100 na tsoffin makiyayun furanni a Ingila da Wales tsakanin shekarun 1930 da 1980. Wannan hukunci ne na manufar noma, kuma a majalisa ake yanke shi. Amma shi kansa mai ƙorafin da alƙaluman masu sa-kai yake magana, ba shi da wasu. Kuma inda aka haɗa ƙirga da ikon gyara, an ga bambanci. A fadamar Iffley da ke Oxford akwai wani fure mai sunkuyar da kai, Fritillaria meleagris, wanda bai wuce tushe 500 ba a 1983 da ƙungiyar kare halittu ta yankin ta karɓi wurin. Aka dawo da tsohon tsari na yankan ciyawa a watan Yuli sannan a saki shanu, kuma kowane Afrilu masu sa-kai sukan jeru sahu guda su ratsa fadamar a hankali suna ƙirgawa. Adadin ya kai dubun-dubata. A shekarun ambaliya yakan faɗi, kuma saboda akwai lissafin shekaru masu yawa ake iya bambance faɗuwar ruwa mai wucewa da faɗuwar da ke nuna kuskuren kulawa.

Inda al'adar take da rauni na gaske shi ne yadda hukuma ta saba da samun ta kyauta. Aikin sa-kai ba ya tafiya da kansa: sai an sami mai koyarwa, mai tantance rahoto, mai kula da rumbun bayanai, mai zuwa wurin manomi ya nemi izinin shiga, kuma waɗannan ayyuka ne na cikakken lokaci. Afirka ta Kudu ta gane haka da ta fara shirinta na CREW a 2003, inda ma'aikata masu albashi ke tsara ƙungiyoyin sa-kai na yankuna, kuma sun sake gano tsirran da aka fid da rai da su. A Birtaniya kuwa jami'o'i sun rage koyar da gane tsirrai a fili, da yawa daga masu riƙe da rajista sun manyanta, kuma ilimin da ke kan mutum guda, irin sanin cewa tushen yana bayan dutse na uku daga rafi, yakan tafi tare da shi in bai sami magaji ba. Sirrin da aka yi amfani da shi don kare wurare daga ɓarayi ma yana da nasa farashin, domin manomin da bai san abin da ke gonarsa ba zai iya nome shi da zuciya ɗaya. A 2021 Margaret Bradshaw, tana da shekara 95, ta hau doki ta yi tafiyar kilomita 88 a Teesdale domin tara kuɗin ci gaba da auna tsirran da ta fara bibiya tun shekarun 1950. Jaridu sun yaba mata, kuma ta cancanci yabon. Amma ƙasa mai arzikin Birtaniya, wadda dokokinta na kare tsirrai suka ginu kacokan kan guminta da na ire-irenta, ba ta da uzurin barin tsohuwa ta nemi kuɗin wannan aiki a bayan doki.